WANDA YA TAƁA ZAMA A MARI, ZAI IYA KARANTAR DA LIMAN?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

 Wata mas'ala ce ta tsaya min a rai yau kusan sati biyu, na juya ta na sake juyawa, na ga gara in shimfiɗa ta a nan. Akwai tsawo, sai a yi haƙuri da ni.

Kwanakin baya wasu ma'aikatan lafiya suka tara mu, limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyya na ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Watari, nan ƙasar Bagwai, wai horaswa ta kwana biyu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. In faɗi gaskiya, na je ne don kada a ce an gayyaci liman bai zo ba. Ranar farko likita ta yi bayani iya ƙoƙarinta, ga majigi, ga sunayen cututtuka. Rabinmu gyangyaɗi muke yi. A rana ta biyu ne ta ce akwai wanda zai yi mana magana, sai ga wani bawan Allah ya miƙe daga bayan ɗaki. Da yawanmu mun san shi, manomin rani ne, ya ba hamsin baya. Mun kuma san abin da ake faɗa a kansa in ya ba da baya: "ai ya taɓa zuwa Dawanau." Duk Bakano ya san abin da wannan jumla ke nufi. Ga babbar kasuwar hatsi a Dawanau, amma in aka ce an kai mutum Dawanau ba wanda zai zaci wake ya je saye.

Ya ce abin ya faro ne a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye tumatir a Kano. Ya ci bashin taki da na man injin ban ruwa, cikin 'yan kwanaki gona ta zama kamar an bi ta da wuta. Ba shi kaɗai ya yi asara ba, ya ce, amma sauran sun yi baƙin ciki sun tashi, shi nasa ya ƙi tashi. Barci ya ɗauke. Tuwo ya koma masa kamar ƙasa a baki. In an ce masa "sannu da aiki" sai ya ji kamar ba'a ake yi masa. Ya tsaya salla ya kasa riƙe raka'a ta nawa yake. Lokacin da ya fi muni shi ne kafin asuba, ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhun masara. Ya ce akwai lokacin da ya daina bi ta bakin dam, don ba ya amince wa kansa a wurin. Daga baya ya fara surutu da faɗa, 'yan uwa suka ce jifa ne, wasu suka ce iska ce. Aka kai shi wani gida a wani gari, aka sa masa mari wata huɗu. Ƙaninsa ne ya gaji ya ɗauko shi ya kai shi asibiti. Ya sha magani ya samu sauƙi, da ya ji garau ya watsar da maganin, abin ya dawo. Yanzu yana sha kamar yadda mai hawan jini ke shan nasa, yana nomansa, yana sallarsa a sahu.

Sai ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mana tabon marin. Ɗakin ya yi tsit.

Amma abin da ya hana ni barci a daren ba tabon ba ne. Cewa ya yi: "Allah Ya gafarta malamai, wallahi marin bai yi min ciwo kamar wata magana ba. Tun abin bai yi nisa ba na je wajen limaminmu, na ce Malam ba na barci, zuciyata kamar ta mutu. Ya ce in ji tsoron Allah, mumini ba ya haka, ƙarancin tawakkali ne. Na shiga wajensa da ciwo ɗaya, na fito da biyu. Daga ranar ban sake gaya wa kowa ba sai da na fara ihu a titi."

Da aka tashi cin abinci, wani dattijon malami da nake girmamawa, tare suka yi karatu da mahaifina, ya ja ni gefe ransa a ɓace. Ya ce, "Kai da ka je jami'a ka karanta Larabci, wannan daidai ne? Allah Ya rufa wa mutum asiri, a kawo shi gaban jama'a ya tona? Sannan tun yaushe wanda hankalinsa ya taɓa gushewa ya zama malamin limamai? Kuma ka manta yana da 'ya'ya mata?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, a ba ni lokaci in duba." Ban ba shi amsa a wurin ba, don maganarsa ba ta banza ba ce. Wannan rubutu shi ne abin da na iya kaiwa gare shi.

Maganar hankali ita ce mafi sauƙi, don malaman fiƙihu sun gama da ita tuntuni. Wanda taɓin hankali ke zo masa ya tafi, hukuncinsa a lokacin da ya farfaɗo hukuncin mai hankali ne: sallarsa ta yi, cinikinsa ya ƙullu, ana karɓar shaidarsa. An ɗauke masa alƙalami ne a lokacin ciwo kawai. Mu ne muka mayar da abin tambari na har abada, shari'a ba ta yi haka ba. Mutumin da za mu saya albasa a hannunsa, mu yarda da awonsa, mu tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahu, ba mu da hujjar ƙin sauraronsa a kan abin da ya faru a cikin ƙirjinsa.

Rufin asiri kuwa, a nan ne na daɗe. Mu Hausawa kusan babu addu'ar da muke yawan yi kamar ta rufin asiri, kuma abu ne mai kyau. Sai dai in muka koma ga nassoshin da suka zo a kan suturta kai, za mu ga a kan zunubi suke magana: mutum ya saɓa wa Allah cikin dare, Allah Ya lulluɓe shi, gari ya waye yana ba da labari. Wannan shi aka zarga. To ciwo zunubi ne? Idan har muka ce wanda ya faɗi ciwon ƙwaƙwalwarsa ya tona asirin kansa, amma wanda ya faɗi ciwon sugansa bai tona ba, to mun riga mun yanke hukunci a zuciya cewa na farkon abin kunya ne, laifi ne. Wannan hukuncin daga al'ada muka ɗauko shi, sai muka sa masa rawani.

Ku tuna baiwar Allahn nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Manzon Allah (SAW) ta faɗi ciwonta ƙarara, har ta faɗi cewa in ya buge ta jikinta yana buɗewa. Bai ce mata ta yi shiru ba. Bayan shekaru, Abdullahi ɗan Abbas yana nuna wa almajirinsa Aɗa'u ita a matsayin mace 'yar Aljanna, da ciwon nata ya gabatar da ita, cikin girmamawa. Kuma malamai sun bambance tsakanin ba da labarin ciwo da kai ƙarar Ubangiji wajen bayi. Na farko halal ne, Annabi da kansa ya faɗi ciwon kansa a gaban Nana A'isha. Abin da aka hana shi ne fushi da ƙaddara. Mutumin nan ban ji fushi da ƙaddara a bakinsa ba ko sau ɗaya, hamdala ya yi ta yi.

Akwai wanda ya fi ba ni mamaki da na koma kan littattafan da muka karanta a jami'a, wato Imam Gazali. A shekara ta 488 bayan hijira, daidai da 1095, yana kan ganiyarsa, yana karantar da ɗalibai kusan 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, sai harshensa ya ƙulle. Ya zo zai ba da darasi kalma ta ƙi fita. Abinci ya ƙi wuce masa, ƙarfinsa ya ƙare, likitoci suka sallama suka ce abu ne da ya sauka a zuciya. Wajen wata shida yana cikin wannan hali kafin ya bar Bagadaza. Wa ya ba mu wannan labari? Shi da kansa, da alƙalaminsa, a cikin Al-Munƙiz minad Dalal. Ba ina cewa ciwonsa shi ne ciwon manominmu ba, shi ya fassara nasa da wani abu tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin lura dai shi ne Hujjatul Islam bai ga faɗin rauninsa a matsayin zubar da girma ba, ya ga darasi ne ga na baya. A littafin ne kuma ya yi wani bambanci da ya dace da mas'alarmu: daban ne ka san ma'anar lafiya da sharuɗɗanta, daban ne ka kasance mai lafiya. Akwai sanin da ake samu ta karatu, akwai wanda sai an ɗanɗana. Likitar da ta yi mana bayani ranar farko tana da na farko, kuma muna buƙatarsa ƙwarai. Amma ba ita ce ta gaya mana cewa kafin asuba ne abin ya fi tsanani har ya shiga kunnenmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

(Ga masu cewa duk wannan zancen lafiyar ƙwaƙwalwa Turawa ne suka kawo mana: Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, a ciki ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum babu dalili a fili, ya danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Sama da shekara dubu ke nan. Mu ne dai ba ma karantawa.)

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don shi ne ainihin abin da ya sa nake rubutun nan.

Babu ɗan ƙasar Bagwai da zai manta 30 ga Nuwamba 2021, ranar da jirgin ruwa ya kife a Watari da mutanen Badau, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. Aƙalla mutum 29 aka rasa. Mun yi jana'iza, mun yi ta'aziyya, manya sun zo sun tafi. Bayan wata bakwai ko takwas wani magidanci ya same ni bayan isha'i, ya ce, "Malam, maiɗakina ce. Tun rasuwar yarinyar nan ba ta dawo daidai ba. Ba ta barci, in ta ji ƙarar zuba ruwa a bokiti jikinta rawa yake yi, ta daina shiga mutane." Me na ce masa? Na karanto masa falalar haƙuri, na ce ya gaya mata kuka ba ya dawo da mamaci, ta yawaita istigfari, na ba shi ayoyin da zai riƙa tofa mata. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, babu ƙarya a ciki. Amma ban tambaye shi tana cin abinci ba. Ban tambaya ko ta taɓa cewa ta gaji da rayuwa ba. Ban ce a kai ta a duba ta ba. Kuma na tabbata saƙon da ya isa kunnenta shi ne: liman ya ce ba ki da haƙuri. Alhali Annabi Yaƙub, Annabi ne ɗan Annabi, ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai kira shi marar tawakkali ba. Na san wannan ƙissa tun ina makarantar allo, na yi tafsirinta a watan azumi ba sau ɗaya ba. Ba ta hana ni yin abin da na yi ba. Sai da wani manomi da ko Iziyya bai sauke ba ya tsaya a gabana ya ce "na fito da ciwo biyu", sannan na gane limamin da yake magana a kai, ni ma shi ne.

To wannan ita ce hujjata mafi ƙarfi a kan cewa horaswa irin wannan tana buƙatar wanda abin ya taɓa. Ba ilimi muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne jin yadda maganarmu ke sauka a kan wanda ke cikin ramin, kuma ba mai iya gaya mana sai wanda ya fito daga ciki.

Haka abin yake a sama ma. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayan 'yan makonni aka buɗe wani a Daura. Gidajen mari ba ɓoyayyu ba ne, kowa ya san da su shekara da shekaru, iyaye da kansu suke kai 'ya'yansu har su biya kuɗi. Abin da ya canza shi ne waɗanda ke ciki sun samu bakin magana. Sannan dokar da ƙasar nan ta yi aiki da ita a da a kan masu taɓin hankali ta 1958 ce, tun ta zamanin Turawa, sai a Janairun 2023 aka samu sabuwa da sa hannun Shugaba Buhari. Cikin waɗanda suka tsaya gaban 'yan majalisar tarayya a 2020 suna neman a canza ta har da Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, ta kuma faɗa da bakinta cewa ita ma tana fama da ciwon. Ga kuma ƙarancin likitoci: likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ma'ana mutumin Badau ko Kiyawa in abu ya same shi, ƙofar farko da zai ƙwanƙwasa ta liman ce ko ta mai unguwa. In mun iya tarbarsa, ya isa asibiti da wuri. In mun kore shi da wa'azi, sai ya fara ihu a titi.

Amma fa dattijon nan yana da gaskiya a magana ta uku, kuma ita ce ban iya warwarewa ba har yanzu. 'Ya'ya mata. A garuruwanmu in za a yi aure ana bincike, kuma tambayar farko bayan asali ita ce ko akwai hauka ko kuturta a gidan. A mazhabarmu ta Malikiyya hauka yana cikin aibobin da ke ba wa miji ko mata zaɓin warware aure, amma wannan a kan shi wanda za a aura ne in yana da ciwon, ba a kan 'yar wanda ya taɓa yi ya warke ba. Mutane ba sa wannan bambancin. Don haka mutumin nan da ya tsaya a gabanmu, ba nasa mutuncin kaɗai ya ɗora a faranti ba, har da na yaran da ba a tambaye su ba. Mu mun ƙaru, mun tafa, mun karɓi kuɗin mota mun watse. Shi zai koma gida da abin da ya biyo baya. Wannan ba adalci ba ne in an bar shi haka.

Shi ya sa nake jan kunnen masu shirya irin wannan taro, da mu da muke halarta. Kada a lallashi mutum da ɗan abin hannu ya faɗi abin da zai yi nadama. A bari sai ya samu sauƙi sosai, ya yi shawara da iyalinsa, ya zaɓi abin da zai faɗa da wanda zai bari. Na ga wani matashi a wurin ya ɗaga waya zai ɗauki tabon ƙafar, Allah Ya saka wa likitar da alheri da ta hana shi. Da yanzu yana yawo a TikTok da waƙar tausayi a ƙarƙashi. Abin da aka faɗa a majalisi amana ne. Ni ma da nake rubutun nan sai da na je har gonarsa na nemi izini, ya ce in rubuta amma kada in faɗi sunansa ko ƙauyensa, wasu bayanan ma na sauya su. Sannan a girmama shi a matsayin malami a wurin, a biya shi kamar yadda ake biyan mai gabatar da darasi, ba a kawo shi kamar abin nuni ba.

Kuma kada a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Ɗanɗanonsa na ciwonsa ne shi kaɗai. Ba zai rubuta wa wani magani ba, ba zai ce duk mai rashin barci irin nasa ne ba. Ciwon da ke kama mace bayan haihuwa daban, na yaron da ƙwaya ta taɓa daban, farfaɗiya daban, ita ma ba hauka ba ce. Wannan aikin likita ne. Ruƙiya da addu'a kuma ba wanda ya ce a bari, shi kansa ya ce bai taɓa barin azkar ɗinsa ba. Abin da nake cewa shi ne in ka tofa wa mai karaya addu'a, ai kana kai shi wajen maɗori.

A gonar tasa na yi masa tambayar dattijon kai tsaye. Na ce, "Baba, ba ka jin tsoron abin da wannan zai jawo wa yaran?" Ya dafa fartanyarsa ya yi shiru kaɗan. Ya ce, "Liman, ai garin nan babu wanda bai gan ni ana jana a mota ina ihu ba. Wancan labarin sun riga sun sani, na warkewar ne ba su sani ba." Ya ce babbar ta yi aure bara, dangin mijin sun san komai. Ta biyun kuwa an kawo kuɗin gaisuwa, bayan sati uku aka aiko a karɓa, ba a faɗi dalili ba. Ya ce ta yi kuka, shi ma ya yi. Bai ce min ya tabbata abin da yake yi daidai ne ba, ni ma ban ce masa ba.

Na koma wajen magidancin nan na Badau ranar Asabar da ta wuce, na ba shi haƙuri, na ce ya isar mata cewa liman ya yi kuskure, ba rashin imani ke damunta ba. Ashe har yanzu ba ta kwana sai da fitila a kunne. Da farko ya ƙi maganar asibiti, ya ce in aka ji an kai ta Dawanau shi ke nan. Na ce to ya zauna da wanda ya je ya dawo. Sun zauna a zaurena bayan la'asar, na ba su wuri. Ban san abin da suka tattauna ba. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu za mu bi motar Bichi da sassafe, ni da shi da ita da yayarta, Baban ya ce zai raka mu don ya san inda ake yankar kati. Ina roƙon ku sa ta a addu'a.